Ɗauraya Biyu

Kakata ba ta san bihim ba a boko, amma ta yi shekara ashirin da tara tana sa farar riga a ɗakin gwaji na jami'a. Ni da na kai aji biyu a kwalejin fasaha kafin ƙafata ta fara ƙaiƙayi, farar rigar da na taɓa sawa ita ce wadda mai aski ke ɗaura wa mutum a wuya. Aikinta wankin kwalabe ne, 'yan siraran nan masu kama da yatsa, da masu dogon wuya, da masu ƙaton ciki. In ka kuskura ka kira shi wanke-wanke, sai ta dube ka sama da ƙasa, ta ce wanke-wanke na masu tukunya ne, ita ma'aikaciya ce.

A hannunta na tashi, har yau kuma gida ɗaya muke. Ina ce mata amarya, tana ce min Ɗan Kumfa. Na ɗauka don bakina ne, mai cika fam ya sace kafin a juya. Na yi gyaran waya, na yi tallan takalma, na yi wata uku a gidan hoto, yanzu babur nake ja, saboda haka ban taɓa yi mata musu a kan sunan ba.

Bara ne ta fara waiwaye. Tana tsaye bakin famfo da rana tsaka, kofi a hannu, sai ta daskare, ta juyo a hankali ta dubi bayanta. Babu kowa sai igiyar shanya.

"Wa kike nema, amarya? Ga angonki nan zaune."

"Ba ka ji takalmi ba?"

"Na ji cikina yana kuka. In shi ne, ki taimaka."

"Takalmin Dakta ne, shugabar ɗakinmu ta dā. Na hagun yana ɗan ja. Takan zo ta tsaya nan, daidai kafaɗata."

"Dakta fa tana da rai. Yaushe fatalwa ta fara zuwa aiki kafin a ɗauke ta?"

Ba ta yi dariya ba, ita da ba na gama magana ba ta rama ba. Ta kashe famfo, ta zauna kan turmi, ta ce min an faɗa mata rabin jikin Dakta ya shanye, tana kwance gidan 'yarta, kuma akwai maganar da ita Kaka ta haɗiye shekara ashirin da huɗu wadda ba wanda ya kamata ya ji sai matar nan. In Dakta ta tafi ba ta ji ba, ita ba ta san inda za ta kai maganar ba. Shekaruna ashirin da huɗu. Na lura da haka, amma na yi shiru, abin da ba kasafai nake yi ba.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ta ba ni shi, da ɗan abin da na tsinta a makaranta kafin in tsere.

Da shara ta fara, bayan rasuwar kakana. Ɗakin dogo ne a hawa na biyu, tebura uku na farin dutse, firji biyu, ɗaya yana gurnani kamar tsoho mai majina, da wani inji da ba shi da aiki sai girgiza kwalabe daga safe har yamma. Wurin wanki yana lungu, famfo biyu da taga mai kallon bayan wani gini. Wata rana mai wankin ya fasa abin da ya fi ƙarfin haƙurin mutane, aka sallame shi. Dakta ta ga yadda Kaka ke goge ƙasan tebur inda ba wanda zai leƙa, ta ce, "Yaya, ajiye tsintsiyar nan." Yaya take ce mata tun ran nan, ko da baƙi a ɗakin.

Dakta mace ce 'yar siririya, ba ta da hira sai ta abu ɗaya. Furotin ne, wato ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatan da ke cikin jikin mutum, kowanne da aikinsa. Wasu sun yi suna, duniya tana rububinsu. Wannan ko raɗa masa suna ba a yi ba, haruffa uku ne da lamba, ba kuma wanda ya san takamaiman abin da yake yi, sai dai ana yawan ganinsa a jikin masu wani ciwon ƙoda. Kaka ta kasa riƙe haruffan, sai ta riƙa ce masa Wane. "Yau Wane ya tashi lafiya?" Kafin shekara ta zagayo, ɗalibai da Dakta kanta Wane suke cewa.

Dabarar Dakta mai sauƙi ce a baki. In kana son sanin aikin mutum a gida, ka ɗaure shi kwana biyu ka ga abin da zai lalace. To, ita sinadarin da zai ɗaure Wane take nema, abin da Kaka ke kira birki. Za a zuba Wane a kwalba da wani ruwa fari. In yana aiki, ruwan ya koma rawaya. In an ɗiga masa sinadari ya kama shi, ruwan ya tsaya garau. Shekara shida Kaka tana wanke rawaya. Ɗaruruwan sinadarai, kowanne da lambarsa, Wane ya shanye su ya ci gaba da harkarsa. Sai aka zo kan na goma sha bakwai a wani jeri, ruwa ya tsaya fari. Aka sake, fari. Aka sake sati guda, fari. Sha Bakwai ya zama ɗan gatan ɗaki, an ba shi wurinsa shi kaɗai a firjin da ba ya gurnani.

Ƙa'idar wanki kuwa Dakta ce ta kafa ta: sabulun ruwa da burushi, ɗauraya bakwai a famfo, uku da tataccen ruwa, a kife su bushe. Ɗakin ba shi da gatan yar da kwalba bayan aiki ɗaya, kowace sai ta dawo hannun Kaka. Ita kuma ba ta taɓa rage ko ɗaya ba. Tana ƙirgawa da leɓe, kamar mai jan carbi.

Sai wata Talata da hantsi aka aiko wa Kaka cewa 'yarta tana naƙuda tun jiya, abin ya ƙi, an wuce da ita asibiti. Kwalabe goma sha biyu na gwajin gobe suna cikin kumfa. Ta ɗauraye su sau biyu. Garin sauri ɗaya ta fashe a hannunta, ta zaro sabuwa daga kwali ta cike gurbin, ta kife su, ta cire riga, ta ruga.

"Ni ne ke nan," na ce.

"Kai ne. Ka zo da ƙaton kai, ka kusa kashe min 'ya."

"Ashe kumfar gaske ce. Ni ina nan ina zargin bakina."

"Bakin ma ba shi da gaskiya."

Washegari ta dawo aiki da murnar jika, ta tarar ɗakin tsit. Dakta tana tsaye gaban jerin kwalabe, hannu a ƙugu. An zuba Wane, an ɗiga masa Sha Bakwai kamar kullum, amma kwalabe goma sha ɗaya sun yi rawaya. Ɗaya ce kawai fara. Kaka ta wuce lungunta ta kunna famfo. Ta ji takalmin yana tahowa, na hagun yana ja, ya tsaya daidai kafaɗarta.

"Yaya, an canja wani abu jiya?"

"A'a, Dakta."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce min kunya ce ta hana ta. Matar da ta ɗauke ta daga tsintsiya, ta kira ta Yaya a gaban manya, yaya za ta dube ta ta ce na bar miki ƙazanta a kwalba? A ganinta laifi ne na mai wanki, kuma maganin laifin mai wanki wanki ne. Ran nan ta ɗauraye komai sau goma sha biyar, har yatsunta suka yi yaushi. Kashegari ruwa ya tsaya fari. Dakta ta ɗora wa firji laifi, ta ce ƙila wuta ta ɗauke. Kaka ta yi hamdala a ranta, ta ɗauka ta ɓata kuma ta gyara, ba wanda ya cutu.

Daga nan labarin Dakta ne, amma Kaka tana lungu tana kallo. An buga takarda a mujallar masana, an ce an samo birkin Wane. Aka kira Dakta ƙasashe ta yi bayani, ɗalibai suka cika ɗakin. Sai aka ba ɓeraye Sha Bakwai, bai yi musu komai ba. Aka ƙara, aka rage, aka canja hanya, shiru. Sai wasiƙu suka fara zuwa daga ɗakunan gwaji na waje: mun gwada, a wurinmu ba ya kamawa. Ɗaya, biyu, biyar. Kaka takan ce a ranta, ai ga shi nan, masu wankinsu ne ba su iya ɗauraya ba. Har tausayinsu take ji.

Shekara goma sha ɗaya Dakta ta yi tana kare Sha Bakwai. A ɗakinta yana aiki kullum, a na kowa ba ya yi, kuma mutane sun san sunan da ake ba irin wannan. Ba wanda ya faɗa a gabanta. A matattakala ake faɗa, a daina in ta doso. Ɗalibai suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Wani da ya yi shekara huɗu a kan Wane ya tafi ba digiri, Kaka ta ce har yau tana ganin yadda ya ninke farar rigarsa ya ajiye mata a bakin famfo, ya ce ta ba wani. Ƙarshe aka karɓe ɗakin, aka mayar da Dakta koyar da 'yan aji ɗaya. Ranar da za ta fita ta riƙe hannun Kaka ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki taɓa ba ni kunya ba a ɗakin nan."

Kaka ta zauna da ɗakin, kamar firji. Aka kawo sabon shugaba, matashi mai gemu da yawan raha, shi wani furotin daban yake bi. Wata rana ta ga ya ɗauko 'yar kwalbar sabulu yana ɗiga wa gwajinsa da gangan, ɗigo ɗaya ɗaya. Ranta ya ɓaci.

"Ɗana, ni ina can ina kashe hannuna in fitar da shi, kai kana mayarwa?"

Ya yi dariya. "Mama, wannan tarkon maƙaryata ne. Birkin gaskiya kamar mabuɗi yake, ya shiga ƙofarsa ya zauna, sabulu bai dame shi ba. Amma akwai 'yan damfara. Su curewa suke yi a ruwa su zama gudaji, furotin ya zo wucewa ya manne kamar ƙuda a danƙo. Kai kana gani ka ce an kama shi. Ko wa aka kawo haka zai manne. Da sun ji ƙanshin sabulu sai gudajin ya watse, furotin ya kakkaɓe riga ya koma aiki. Ɗigo ɗaya ya raba ka da wahalar shekara goma."

Ta ce, "In ruwan ya koma rawaya fa?"

"To sabulun ya faɗi gaskiya. Mama, ko dai in ba ki kujerata ne?"

Ta koma lungu, ta kunna famfo don kada a ji numfashinta. Abin da ta ɓoye a matsayin ƙazanta, shi ne amsar da Dakta ta ƙare ƙuruciyarta tana nema. Kuma kowace ɗauraya da ta ƙara tun ran nan, ƙarya take yi wa wanka. Ba ta cika wata uku ba ta ajiye aiki, ta ce gwiwa. Shekara bakwai ke nan. Sau biyu tana shiryawa za ta je gidan Dakta, tana kaiwa bakin titi ta dawo.

Na ce, "To tashi, amarya. Yau kyauta zan kai ki, kada ki saba."

Gidan 'yar Dakta bene ne, ɗakin yana ƙasa kusa da ƙofa. Warin man zafi da na magani, gado mai ƙarfe, labule a ɗage. Dakta tana kan kujera mai taya, an rufa mata zane a gwiwa, bakinta ya karkace gefe. Na dubi ƙafafunta, ban san dalili ba. Safa ce kawai. 'Yar ta ce tana ji sarai, maganar ce ke fita da ƙyar, sai ta ja mana ƙofa.

"Yaya," in ji Dakta. Kalmar ta ɗauki lokaci.

Kaka ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa. Gaisuwa ma ba ta gama ba ta shiga. Ta faɗi Talatar, da saƙon asibiti, da ɗauraya biyu, da "a'a" ɗin da ta ce, da abin da mai gemu ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta nuna ni da haɓa ta ce ga shaidar nan ta girma har tana jan babur. Sannan ta ce, "Ki yafe min, Dakta."

Dakta ta daɗe tana kallon bango. Na zaci ba ta fahimta ba. Sai hannunta mai lafiya ya fara motsi a kan zanen.

"Wane irin... sabulu?"

Kaka ta faɗa mata, na ruwa, mai jarka shuɗiya.

"Sau... biyu. Famfo?"

"Famfo. Ban kai ga tataccen ba."

Idon matar nan ya canja. Wallahi kamar an kunna fitila a kangon gida. Da guntu-guntun kalmomi, muna haɗa mata, ta ce ta karanta labarin masu curewar nan bayan an karɓe ɗakinta. Ta yi zargi. Amma ba ta da tebur, ba ta da Wane, ba kuma wanda zai ara mata ɗaki don Sha Bakwai. Shekara da shekaru tana kwana tana tashi da gwajin da ba ta samu yi ba.

"Ashe... an yi," ta ce.

Sai ta ɗaga yatsa ɗaya. "Amma... ɗaya. Fara."

Ta tuna. Shekara ashirin da huɗu, rabin jiki a mace, ta tuna kwalba ɗaya da ta tsaya fari. Na ga abin da take so. In ɗaya ta sha sabulu ta tsaya, ƙila Sha Bakwai yana da 'yar gaskiya, ƙila ba duka aka yi asara ba. Ta kafe Kaka da ido kamar mai roƙo. Ni da ke tsaye bakin ƙofa na ce a raina, tsohuwa, bar mata wannan, me zai rage ki? Na ga wuyan Kaka ya sunkuya.

"Sabuwa ce, Dakta. Ta sha biyun ta fashe, na ciro wata a kwali. Ba ta taɓa ganin sabulu ba."

Yatsan ya sauka. Dakta ta rufe ido, har na fara tunanin kiran 'yarta. Da ta buɗe, ba Kaka ta kalla ba.

"Na yage... shafin. Na ranar. Ban sa... a takarda ba."

A waje wani yana ta danna hon.

"Kai," ta ce da ni. "Ka iya... rubutu?"

"Daidai na mai aji biyu, ranki ya daɗe."

"Gobe. Da biro."

Zuwa tara muka yi. Wasiƙa ce ga mujallar da ta buga takardar, cewa a janye ta, Sha Bakwai ba birki ba ne, ga abin da ya faru ranar kaza. Wata rana mu samu layi uku, wata rana ɗaya, ta gaji ta yi barci a kujera. Tana gyara min rubutu da ƙifta ido, ta fi duk malaman da na gudu na bari tsanani. In aka zo kan wanki sai ta dubi Kaka, Kaka ta faɗa, ni in juya. Da aka gama, hannun da Dakta ke sa hannu da shi ya mutu, Kaka kuma ba ta taɓa yi ba. 'Yar ta kawo tawada, suka dangwala yatsa, ɗaya kusa da ɗaya. Na ce yau dai boko da jahilci sun yi kunnen doki. Dakta ta yi wani sauti, 'yarta ta ce dariya ce.

Kalmar da Kaka ta je nema ba ta fito ba. A zuwa na tara ta sake roƙo, Dakta ta kama hannunta ta juya shi, tana duban tafin da sabulu ya cinye, ta riƙe har muka tashi. Ko wannan yafiya ce, ni ban sani ba, Kaka ma ta ce ba ta sani ba. Bayan sati biyar aka aiko an yi rasuwa.

Mujallar ta amsa da layi biyu, sun karɓa, suna dubawa. Wata takwas ke nan suna dubawa. Kaka takan tambaye ni duk sati, in ce mata masu boko ba sa sauri sai wajen cin abinci.

Rannan ina zaune ina danne-danne, na rubuta haruffan Wane a waya don in ga ko an janye. Sai ga wani kamfanin sayar da sinadarai a wata ƙasa, da hoton 'yar kwalba mai farin gari. Sha Bakwai ne. An rubuta a ƙasa cewa birkin Wane ne, an kafa hujja da takardar Dakta, akwai shi a ajiye, ana aikawa ko'ina. Da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye, amma bakina ya riga ni. Na nuna mata.

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe.

"Mutane suna saye?"

"Da ba a saye da ba su ajiye ba."

"To wani yaro yana can ya fara shekarunsa." Ta miƙo min wayar. "Kuma wata tana lungu tana wanke masa. In mai tsabta ce, ya shiga uku."

Ta ce in nemo mata inda ake rubuta wa kamfanin. Na ce ba za su kula tsohuwa da ɗan babur ba. Ta ce ba shawara ta tambaye ni ba, in ɗauko biro.